Labarin Annobar Afyun A Amurka Da Kuɗin Diyyarta

Galibi idan aka ce annoba, abin da kan faɗo wa mutum a rai shi ne agana ko sanƙarau, ko wata cuta da iska ke kawowa ba a san inda ta fito ba. Amma akwai wata annoba da ta auka wa ƙasar Amurka wadda ba iska ce ta kawo ta ba. A ma'aikata aka yi ta, aka ɗura cikin kwalabe, likitoci suka rubuta wa mutane ita, masu kantin magani suka sayar. Daga shekarar 1999 zuwa 2021 ta kashe mutum wajen 645,000, watau fiye da waɗanda ƙasar ta rasa a Yaƙin Duniya na Biyu. A nan za mu ba da labarin yadda ta faro, da yadda mutanen ƙananan garuruwa suka tasar mata tun ba su da ko anini, da yadda daga baya aka sa kamfanonin da suka yaɗa ta biyan diyya, da kuma inda kuɗin nan ya nufa. Don kuwa samun kuɗi daban, kai shi inda ciwo yake daban.

Asalin afyun

Akwai wani tsiro mai fure da ake nomawa a ƙasashen Gabas tun zamanin da. Idan furensa ya kaɗe sai ya bar wani ƙululu, in aka tsaga ƙululun da wuƙa sai wani farin ruwa ya tsattsafo kamar na tumfafiya. A bar shi ya daskare ya yi duhu, sa'an nan a kankare. Shi ne Larabawa ke kira afyun. Masu magani na da sun san shi sarai, har Ibn Sina ya ambace shi cikin littafinsa na likitanci, ya faɗi amfaninsa wajen kashe zafin ciwo da sa barci, ya kuma yi gargaɗi yawansa na kisa.

Wajen 1805 wani Bajamushe mai haɗa magani, sunansa Sertürner, ya tace afyun ya fid da ainihin ƙarfinsa, aka sa masa suna mofin. A 1832 wani Bafaranshe, Robiquet, ya fid da kodin. Da allurar likita ta samu a 1853 sai aka fara zuba mofin cikin jiki kai tsaye. Ba a daɗe ba yaƙin basasar Amurka ya tashi, daga 1861 zuwa 1865, aka yi ta ba sojojin da suka ji rauni afyun da mofin, da yawa suka koma gida da jarabarsa. A 1898 kuma kamfanin Bayer na Jamus ya fara sayar da hiroyin a kan maganin tari ne. Da ɓarna ta yi yawa sai Amurka ta kafa doka a 1914 ta ƙuntata cinikin waɗannan magunguna, a 1924 ta hana yin hiroyin ɗungum. Daga nan likitocinsu suka shiga taka tsantsan, ba su cika ba da dangin afyun ba sai ga wanda aka yi wa tiyata ko mai ciwon ajali.

Ya kamata mai karatu ya san yadda maganin ke aiki, don shi ne tushen labarin duka. Dangin afyun suna kashe zafin ciwo, suna kawo natsuwa. Amma jiki yakan saba da su, abin da ya ishe shi jiya ba ya isarsa yau. In mutum ya ce zai bari sai gumi ya karyo masa, da amai da zawo, ƙasusuwa su yi ta ciwo kamar ana sassaƙarsu, har ya koma ya sha don kawai ya iya miƙewa. In kuwa ya sha ya wuce kima sai numfashinsa ya yi ta raguwa yana barci, har ya tsaya.

Yadda annobar ta faro

Shekaru suka shuɗe, waɗanda suka ga masifar farko suka ƙare, tsoron kuma ya gushe. A 1996 wani kamfani mai suna Purdue Pharma, na zuriyar Sackler, ya fito da wata ƙwaya mai suna OxyContin. Ya baza wakilai suna bin likitoci ofis ofis, suna ce musu ita wannan a hankali take narkewa cikin jiki, saboda haka da wuya ta kama mutum, ko ɗaya cikin ɗari ba ya kamuwa. Likitoci suka gaskata, suka shiga rubuta ta ga mai ciwon baya da mai ciwon gwiwa. Waɗansu kamfanoni da suka ga ana ciniki su ma suka shigo da nasu.

Inda abin ya fi tsanani shi ne ƙasashen duwatsu na gabashin Amurka, inda mutane ke haƙar kwal da yankan katako, aikin ƙarfi mai karya jiki, ga talauci, ga ƙarancin asibiti. A jihar Bajiniya ta Yamma akwai wani ƙauye, Kermit, mutanensa wajen 400 ne. Cikin shekara biyu aka kai wa kantin magani guda na ƙauyen ƙwaya kusan miliyan 9. Wani ɗan jarida, Eric Eyre, shi ya tono wannan a 2016, ya kuma nuna cikin shekara shida an shigar da ƙwaya miliyan 780 cikin jihar, alhali mutanenta ba su kai miliyan 2 ba. A 2012 kaɗai likitocin Amurka sun rubuta takardar dangin afyun fiye da miliyan 250.

Tun 2007 kamfanin Purdue ya amsa laifinsa a gaban shari'a cewa ya ruɗi likitoci, aka ci shi tarar dala wajen miliyan 600, amma ciniki bai tsaya ba. A 2010 aka sake ƙirar ƙwayar yadda ba ta dakuwa da sauƙi, hukuma kuma ta fara matsa wa likitoci. To, waɗanda suka riga suka kamu fa? Sai suka koma ga hiroyin na 'yan fasa-ƙwauri, don ya fi araha. An gudu ba a tsira ba ke nan. Daga 2013 kuma fentanil ya shigo kasuwar ɓoye. Shi ba a noma shi, haɗa shi ake yi, ƙarfinsa kuwa ya ninka na hiroyin wajen sau 50. A 2022 mutum kusan 82,000 suka mutu ta dalilin dangin afyun, watau fiye da 200 kowace rana.

Waɗanda suka fara tashi

Abin lura a tarihin nan shi ne, aiki ya riga kuɗi zuwa. Tun 1971 aka yarda da wani magani a Amurka mai suna naloksun, wanda in aka ba mutumin da numfashinsa ke ɗaukewa sai ya farfaɗo cikin 'yan mintoci. Amma shekara da shekaru yana kulle a asibiti da motocin asibiti, alhali kuwa mutane a ɗakunansu suke mutuwa. A 1996 wani mutumin Shikago, Dan Bigg, wanda abokin aikinsa ya mutu ta wannan hanya, ya fara raba maganin ga masu shan ƙwaya su da kansu, yana koya musu yadda za su ceci juna. Mutane da yawa suka zarge shi da ɗaure wa ɓarna gindi. Hujjar masu wannan aiki ita ce, sai mai rai ke iya bari.

A gundumar Wilkes ta jihar Karolina ta Arewa kuwa, wani malamin addinin Kirista ne, Fred Brason, mai kula da majinyatan da likita ya sallama. Yana shiga gidaje sai ya lura maganin da aka ba majinyaci yana ɓacewa, 'yan gida na sha ko suna sayarwa. Ya tara likitoci da 'yan sanda da malaman makaranta da shugabannin addini, suka kafa wani shiri mai suna Project Lazarus. Suka koya wa likitoci taka tsantsan, suka rage yawan ƙwayar da asibiti ke ba mutum ya tafi da ita gida, suka gargaɗi jama'a su kulle magani kada su ba kowa, suka raba naloksun. A 2009 cikin kowane mutum 100,000 na gundumar wajen 46 ke mutuwa ta wannan hanya. A 2010 suka koma 29.

Sai garin Huntington na Bajiniya ta Yamma, mai mutum kusan 50,000. Ran 15 ga Agusta, 2016, cikin 'yan sa'o'i kaɗan mutum fiye da 25 suka faɗi, motocin asibiti suka rasa inda za su fara. Mutanen garin suka lura ana farfaɗo da mutum yau, jibi a sake kiran mota dominsa, don ba wanda ke komawa ya dube shi. A ƙarshen 2017, da taimakon kuɗin gwamnatin tarayya, suka kafa ƙungiyar mutum huɗu: ma'aikacin motar asibiti, da ɗan sanda ba kayan sarki, da wanda ya san hanyar warkewa, da malamin addini. Duk wanda aka farfaɗo da shi, kafin kwana uku sai su je gidansa su yi sallama. Ba kamu suka zo yi ba, tambayarsa suke ko yana son a kai shi wurin magani, in ya yarda a nema masa gado nan take. A garin ne kuma aka buɗe wani gida mai suna Lily's Place a 2014, don renon jariran da aka haifa da jarabar ƙwaya daga cikin uwayensu.

Duk waɗannan dabaru, babu wadda ta fito daga babban birni. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kuɗin gwamnati

Tun 1997 majalisar Amurka ta kafa wata doka ta taimakon ƙungiyoyin gari masu tsare yara daga shaye-shaye. Tsarinta abin dubawa ne. Ba a ba mutum guda kuɗin, ba a ba ofis guda. Sai gari ya haɗa wakilai iri 12, cikinsu har da iyaye, da samari, da 'yan kasuwa, da makarantu, da 'yan sanda, da masu addini, da ma'aikatan lafiya. Ana ba su har dala 125,000 a shekara, da sharaɗin su ma su kawo kwatankwacinsa daga gida, ko kuɗi ko aikin gayya. Bayan shekara 10 kuma a janye hannu. Hikimar ita ce, abin da mutum ya sa guminsa ciki ba ya bari ya lalace.

Da annoba ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, a Disamba 2016 majalisa ta ware dala biliyan 1 a raba wa jihohi cikin shekara biyu, a Oktoba 2017 kuma aka yi shelar cewa abin ya zama masifa ta ƙasa duka. Kuɗin ya yi amfani wajen sayen naloksun da buɗe wuraren ba da magunguna irin su metadon, waɗanda ke kwantar da jaraba har mutum ya iya komawa aikinsa. Amma yana da aibi guda: na ɗan lokaci ne. Mai ƙaramin gidan jinya ba ya iya ɗaukar ma'aikaci da tabbaci in bai san ko baɗi za a sake ba shi ba, ita kuwa jaraba ba a shekara guda take sakin mutum ba.

Darasin kuɗin taba

Kafin mu zo kan diyyar ƙwaya sai mun koma baya kaɗan, don akwai wata diyya da ta gabace ta. A 1998 manyan kamfanonin taba sigari suka yi sulhu da jihohi 46, za su biya dala biliyan 206 cikin shekara 25 saboda cututtukan da taba ta jawo. Aka yi ta murna. Ashe cikin takardar sulhun ba a ɗaure jihohi da cewa lalle a kan yaƙi da taba za su kashe kuɗin ba. Da ya shigo sai aka zuba shi cikin babban baitulmali ya gauraya da haraji. Wannan jiha ta cike giɓin kasafinta, waccan ta gyara hanyoyi, har gundumar Niagara ta jihar Niyok ta kashe dala 700,000 wajen sa wa filin wasan golof famfunan ban ruwa. Waɗansu ma suka ci bashi a kan kuɗin da bai zo ba tukuna. A yawancin shekarun da suka biyo baya, abin da jihohi suka sa wajen hana shan taba bai kai kashi 3 cikin 100 na abin da suke samu daga diyyar da harajin taba ba.

Duk wanda ya taɓa riƙe littafin baitulmali ya san dalili. Kuɗin da ba a buɗe masa shafinsa ba, ba a rubuta abin da aka nufe shi da shi ba, kowace bukata ta taso shi za ta fara ci.

Shari'a da sulhu

Garuruwa da gundumomi sun riƙe wannan darasi. Da za a kai kamfanonin ƙwaya ƙara ba su bar wa jihohi kaɗai ba, kowa ya shigar da tasa, har da ƙabilun mutanen asalin ƙasar, irin su Cherokee da suka kai tasu a 2017. Ƙararraki suka haura 3,000, aka tara yawancinsu gaban alƙali guda, Dan Polster, a birnin Cleveland.

A Yuli 2021 aka shirya sulhu na dala biliyan 26. Manyan dillalan magani uku, McKesson da Cardinal Health da AmerisourceBergen, za su biya biliyan 21 cikin shekara 18, kamfanin Johnson & Johnson kuma biliyan 5. A ƙarshen 2022 manyan kantuna uku, CVS da Walgreens da Walmart, suka yarda da biyan fiye da biliyan 13. Shi kuwa Purdue tun 2019 ya ce ya karye. Zuriyar Sackler suka nemi su biya a kan kada kowa ya sake kai su ƙara, amma a Yuni 2024 Kotun Ƙoli ta ƙi wannan sharaɗi, sai a 2025 aka sake shirya wani sulhu na dala biliyan 7.4. In aka haɗa duka, diyyar ta wuce dala biliyan 50.

Wannan karon an rubuta sharaɗi: aƙalla kashi 85 cikin 100 sai a kan maganin annobar za a kashe shi. Aka kuma jera ayyukan da suka halatta, kamar raba naloksun, da jinya, da gidajen kwana na masu farfaɗowa, da kula da mata masu ciki, da jinyar fursunoni, da gargaɗi a makarantu.

Inda kuɗin ya nufa

Kowace jiha ita ta tsara rabonta. Karolina ta Arewa ta miƙa kashi 85 ga gundumominta 100 da waɗansu birane, ta riƙe 15. Ta kuma ɗaure su da ƙa'ida: a ajiye kuɗin a asusu na daban, kada a taɓa shi sai majalisar gunduma ta zauna ta rubuta aikin da adadinsa, kowace shekara kuma a kawo lissafi a baje shi inda kowa zai gani. Bajiniya ta Yamma ta zuba kashi 72.5 cikin wata gidauniya ta musamman, ƙungiyoyin gari su nema a ba su, kashi 24.5 kuma ga garuruwa da gundumomi. Kolorado ta kasa ƙasarta yanki 19, kowane yanki da majalisarsa mai yanke shawara. Luwiziyana kuwa ta ba shugabannin 'yan sandan gunduma kashi 20.

Duk da sharaɗin, ba a rasa yoyo ba. 'Yan jarida masu bin diddigi sun tarar waɗansu wurare sun sayi motocin 'yan sanda da na'urorin binciken fursunoni da kuɗin. Waɗansu sun janye abin da da ma suke kashewa kan jinya suka maye gurbinsa da diyya, ya zama ba abin da ya ƙaru. Waɗansu jihohi ba su yi alkawarin bayyana lissafinsu ga jama'a ba. Ga kuma wata matsala: ƙaramar ƙungiya ta mutum biyar, wadda ta san kowane lungu na gari, ba ta da akawun da zai cika mata takardun neman taimako, sai babban ofis mai ma'aikata da yawa ya riga ta. Saboda haka iyayen da suka binne 'ya'yansu, da waɗanda suka warke, suka shiga halartar zaman majalisun gunduma suna neman a ba su kujera wurin rabo, a waɗansu jihohi kuwa an ba su.

A Maris 2023 aka yarda a sayar da naloksun na shaƙawa a kanti ba sai da takardar likita ba, watau shekara 27 bayan Dan Bigg ya fara rabonsa ana zarginsa. A 2024 mace-macen shaye-shaye iri duka suka sauko daga fiye da 105,000 zuwa wajen 80,000. Masana sun lissafa dalilai da dama, cikinsu har da yaɗuwar naloksun, da sauƙin samun jinya, da sauyin irin ƙwayar da ke kasuwa. Amma mutum 80,000 ba kaɗan ba ne, kuɗin dillalan kuwa sai wajen 2038 za a gama biyansa. Alƙalamin tarihi bai bushe ba tukuna a kan wannan diyya.

Abin da ya shafe mu

Kada mai karatu ya ce wannan labarin nesa ne. Kodin ɗin nan da ke cikin maganin tari daga tsiron afyun ya fito, tiramadol kuma aikinsa cikin jiki irin na danginsa ne. A Mayu 2018 gwamnatin Nijeriya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan an nuna ɓarnar da yake yi, musamman a Kano. Wani bincike da aka yi a ƙasar tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, na shekarar nan ta 2018, ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 na shan dangin afyun ba bisa umurnin likita ba. Mun kuwa ga abin da ya faru a Amurka sa'ad da aka toshe ƙofa guda ba a tanadi jinyar waɗanda suka kamu ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

To, abin da tarihin nan ya nuna ke nan. Dabarun da suka ceci rayuka, mutanen gari ne suka fara su, kuɗi daga baya ya tarar da su. Inda aka bi sawunsu da shi, aka ba su na shekaru masu yawa, aka buɗe masa shafinsa, aka baje lissafi a gaban jama'a, ya isa wurin mai ciwo. Inda aka zuba shi cikin babbar tukunya kuwa, ya bi sawun kuɗin taba. Duk garin da aka ba irin wannan amana, hakkin mutanensa ne su tambaya nawa ya shigo, wa ya karɓa, me aka yi da shi, don kuɗin nan kuɗin jini ne, matattu suka bar wa masu rai. Allah ya kiyashe mu da zuriyarmu, ya ba waɗanda suka kamu lafiya, amin.